Ranar da Aka Kaɗa wa Wani Takena

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta yammacin da na ji an kaɗa takena a gidan dambe alhali ba ni ake kira ba.

Ni mahauci ne, a Dukawuya aka haife ni, kuma na yi dambe da ƙuruciya har ana tsoron hannuna. A zamaninmu babu mai ɗora ka a sikeli ya zaɓo maka daidai da kai. Duk ƙaton da ya miƙo hannu, ko ka shiga ko ka koma gida da kunya. Shi ya sa kullum a majalisarmu ta Ƙofar Na'isa nake gaya wa masu kallon dambe a waya cewa 'yan yanzu kwalliya suke yi. Har damben Turawa ma, manyan da muka gani a talabijin mara kala sun fi waɗannan masu surutu kafin faɗa. Ba mai ja da ni, don sun san na sha naushi kuma na bayar.

Wanda bai san dambe ba ba zai gane take ba. Kowane ɗan damben da ya isa, makaɗi yana yanka masa kiɗan kalangu nasa shi kaɗai. Da an kaɗa, ko yana cin tuwo sai jikinsa ya tsuma ya miƙe. Nawa wani makaɗi ne ya yi mini shi ranar da na kayar da wani ƙaton Bazamfare. Ban gina gida da dambe ba, ban sayi ko keke ba. Wannan kiɗan shi ne duk abin da na fita da shi.

Wata ranar Asabar bayan la'asar abokan majalisa suka ja ni gidan dambe, wai in je in ga wani sabon ƙato da ake ta magana a kansa. Na je ne don in kushe, ba zan ɓoye ba. Ina zaune ina nuna musu yadda yaran ke ɗaga hannun garkuwa kamar masu tare rana, sai kalangu ya juya. Takena ne ake kaɗawa. Kafin in yi tunani na miƙe tsaye da tumbina da furfurata, na ɗaga hannun dama, bakina ya buɗe zan yi kirari. A zatona tsohon makaɗin da ya yi mini taken ya hango ni ne yake girmama ni.

Sai na ga duk idanu suna can ɗaya gefen. Wani dogon saurayi ne ya fito yana tsuma, hannunsa naɗe da zare, ana ta ɗaga wayoyi ana ɗaukarsa. Wani daga bayana ya ce, "Baba, zauna mana, ka tare mana." Abokaina kowa ya sunkuyar da kai. Da sun yi dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Na zauna ina roƙon Allah a zuciyata a kayar da shi. Ko turmin farko, wato zagayen farko, ba a gama ba ya zubar da abokin karawarsa da wani naushi da ni kaina ban ga fitarsa ba. Ya fi ni tsawo, ya fi ni sauri, ga babur sabo an jingine ana jiran wanda ya ci.

Da aka tashi na tare makaɗin. Ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, amma ya gane ni. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, ina raye ka ba wani takena?"

Ya gyara ratayar kalangunsa ya ce, "Ɗana, yaushe rabon da ka zo nan? Na riƙe maka shi shekara da shekaru, ba wanda ya tashi. Ni kuma hannuna ya fara mantawa. In ban kaɗa wa mai rai a fili ba, da ni za a binne shi."

Na ce ai sai ya yanka wa yaron nasa. Ya ce ya daina yanka sabo, kuma duk cikin 'yan yanzu wannan ne kaɗai ya ga ya isa ya ɗauka. Yana nufin yabo ne, ni kuwa kamar ya ƙara mini gishiri a ciwo. Na roƙe shi ya bari sai bayan raina. Ya girgiza kai kawai, ya wuce wurin saurayin da ake yi wa liƙi.

Har yau ina kan bakata cewa mazan da sun fi na yanzu ƙashi, kuma har yau in na ji kiɗan nan yana fita daga wayar wani a kasuwa sai wuƙa ta tsaya mini a kan nama. Amma na koyi abu ɗaya. Duk abin da mutane suka ɗaga ka da shi aro ne suka ba ka, kuma ba sa jiran ka mutu kafin su karɓa su miƙa wa wanda ke cikin fili.