Na Je Kuala Lumpur Ɗauko Ƙanena

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, maigidana na tuƙi, ni kuma na ƙanƙame fasfo kamar wani zai ƙwace. Wannan ce fitata waje ta farko, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena na je ɗaukowa. Shekararsa uku yana karatun kwamfuta a unguwar Bukit Jalil ta Kuala Lumpur, ya faɗa shan ƙwaya, aka kwantar da shi wata huɗu a wata cibiyar masu barin shaye-shaye a bayan gari. Hawan jini ya hana Hajiyarmu tafiya, sai aka ce ni.

Mun yada zango a Addis Ababa, washegari muka sauka. Zafin Kuala Lumpur ba irin namu ba ne, kamar an lulluɓe mutum da jiƙaƙƙen bargo. Wata 'yar Katsina mai karatun digiri na uku a wajen Jalan Semarak ce ta sauke ni. Ta kawo min shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa, da ƙananan kifi, da wani jan yaji mai zaƙi. Na ce mata a garinmu duk wadda ta zuba sukari a yaji sai an yi mata ruƙiyya. Ta yi dariya, ni kuwa cokali uku na iya ci.

Da safe muka kira mota ta waya. Tafiyar awa guda ce, titi sumul, gada kan gada, sannan gonakin kwakwar manja hagu da dama. Ko hon ɗaya ban ji ba, shirun ma sai ya ƙara min faɗuwar gaba.

Da muka isa cibiyar, ƙanena ya fito ya yi kumatu, idonsa fari tas. Ya ce, "Yaya," ya sunkuyar da kai. Da na matso sai warin taba ya buge ni.

Jami'ar da ke kula da shi, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta ja ni ofis. Ta ce ƙwaya kam ya bari, amma kwalin taba guda yake zuƙewa a rana. Na ce ai taba da sauƙi. Ta girgiza kai.

"Da yawa daga waɗanda suka dawo hannunmu, a wajen shan taba suka sake haɗuwa da tsofaffin abokai."

Ta ce a asibitocin gwamnati na unguwanni akwai sashen masu son barin taba. Ɗan ƙasa katin shaida zai nuna, ya biya abin da bai taka kara ya karya ba, a riƙa ganinsa lokaci-lokaci, a ba shi filastar nikotin ta mannawa a dantse da cingam mai rage ƙishirwar hayaƙi. Wani ɗan ƙasar da suka zauna ɗaki ɗaya da ƙanena har an yi masa rajista. Ƙanena kuwa baƙo ne, farashin baƙi zai biya, shirin na watanni ne, ga takardar zamansa saura kwana huɗu. Ta rubuta min sunan filastar a takarda, ta ce in nema a kyamis.

Aka sallame shi, washegari ni da shi muka shiga Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi. Na sayi filastar sati uku, kuɗinta ya fi na mayafai biyar da na zaɓar wa Hajiya. Ya ce ba zai manna ba, shi ba mara lafiya ba ne. Ina cikin taya wani yadi na waiwaya, babu shi.

Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗagawa. Na leƙa shago ɗaya, biyu, bakwai. Ban san garin ba, ban san yarensu ba, kuma na san in aka kama baƙo da ƙwaya a ƙasar nan ba maganar roƙo. Sai can na hango shi gefen wani mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi. An hana shan taba a wuraren cin abinci, don haka mashaya ke ja gefe su tsaya. Yana tsakanin wasu 'yan Najeriya biyu, ɗaya ya dafa kafaɗarsa suna ta dariya.

Ban yi sallama ba, na kama hannun rigarsa.

"Yaya, taba ce kawai fa."

"Su wane ne waɗannan?"

Na ja shi muka shiga mota. Ya ce wanda ya dafa shi, shi ne ke kawo masa ƙwaya a da, kuma har ya tambaye shi sabuwar lambarsa. Sannan ya naɗe hannun riga ya ce, "Ba ni abin nan."

Ranar dawowa ita ce mai wuya. Sama da awa goma a jirgi, kuma an sanar cewa duk wanda ya kunna taba a banɗaki 'yan sanda ne za su tarbe shi. Ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya gaji, gwiwarsa na kaɗawa, gumi na keto masa duk da sanyin jirgi. Bayan an kwashe kwanukan abinci ya tashi ya shiga banɗaki. A lokacin na tuna ban duba aljihunsa ba. Na je na tsaya a bakin ƙofa, ma'aikaciyar jirgi na kallona, ni ina shinshina iska. Minti goma ya yi. Ya fito fuska a jiƙe, ya buɗe tafin hannuna ya sa min karan taba ɗaya, a karye, ba a kunna ba.

Mun iso Kano lafiya, Hajiya ta yi kukanta ta gode wa Allah. Sati na zagayowa na fara neman inda zai ci gaba. A wani asibiti aka ce ba su da irin wannan sashe, sai dai haƙuri da addu'a. Kyamis huɗu na shiga, ɗaya ne ya taɓa jin sunan filastar. 'Yar Katsinar nan ta yi alkawarin ba wani mai dawowa gida ya taho mana da ita.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, raba mutum da ƙwaya a bar shi da taba rabin aiki ne, kuma ragowar rabin bai kamata ya dogara da ko yayarka na da kuɗin jirgi ba. Can hukuma ta ɗauke wa 'yan ƙasarta wannan nauyi. Mu nan kowane gida shi da dabararsa. Yau kwanansa goma sha shida bai kunna ba. Mai tebur ɗin bakin layinmu kara ɗai-ɗai yake sayarwa, kuma sau biyar a rana ƙanena ke wucewa ta gabansa zuwa masallaci.