Ranar da Baffan Matata Ya Taya Tablon Jirgi

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta yammacin da baffan matata ya zauna a gaban ordinatata, wato kwamfutata, yana yi mini kallon wanda aka kama da kayan sata. A lokacin ba ta zama matata ba tukuna. Manyana sun kai gaisuwa, an ce a dakata a yi bincike, kuma binciken a hannun wannan baffan yake tunda mahaifinta ya rasu. Jikan fataken goro ne, yana da rumfar atamfa a babbar kasuwar Rood Woko, kuma duk Zongo an san in ya ce a'a, magana ta mutu.

Sana'ata gyaran waya ce, amma abin da ya ci raina tun ina lise, wato sakandare, shi ne tuƙin jirgin sama a ordinata. Ba wasan yara ba ne, komai ana kwaikwayonsa kamar a jirgin gaske. Akwai wani babban jirgin fasinja da ake saukewa kyauta, wanda wani tsohon Nasara da ban taɓa gani ba ya zana masa tablo, wato allon agogunan da ke gaban matuƙi. Ya yi ƙoƙari, amma lambobin agogon tsayi duk sun dushe, allurar mai ba ta motsi, wasu maɓallan kuma ado ne kawai. Sai na duƙufa ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya, ina mayarwa intanet kowa ya ɗauka. Sharaɗin tsohon bai da yawa: kowa na iya gyarawa ya ƙara sunansa, amma kada a sayar, kada a goge sunan wanda ya riga ka.

To, unguwarmu ba a rufe ƙofa a zauna lafiya. Maƙwabta suna jin rurin injin jirgi daga ɗakina, suna jin ina karanto lambobi da Faransanci ga mutanen da ba a gani. Wasu suka ce damfarar Nasara nake yi ta intanet. Wata tsohuwa ta ce a irin wannan zamani, wanda ke koyon jirgi a ɓoye ai jandarma ya kamata su sani. Duk wannan ya isa kunnen baffa, yarinyar da nake nema ce ta gaya mini a waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ban iya haɗiye magana ba, amma ta roƙe ni in riƙe bakina.

Wata Asabar bayan la'asar sai ga motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gida, ba aike ba sanarwa. Innata ta kawo masa zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, ya karɓa ya ajiye ko kurɓa bai yi ba. Ya ce in kunna abin ya gani. Na nuna masa tablon yadda yake a da, na nuna masa yadda na mayar da shi, na tayar da jirgin har allurar man da na sha wahala a kanta ta fara sauka a hankali. Ina jiran ko ɗan yabo, shi kuwa bayan ordinatar yake leƙawa kamar akwai wanda na ɓoye a can. Ya tambayi su waye nake magana da su, ina suke, ko na san iyayensu. Daga nan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Nawa suke biyan ka?"

"Ko dala, Baba. Kado ne, kyauta."

"Kado," ya maimaita, yana jan gemu. "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Na tsufa a kasuwa ban ga mai ba da guminsa kado ba, sai in akwai abin da yake ci ta ƙarƙashi."

Na yi bayani iya iyawata, ban ga alamar ya shiga ba. Can sai ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya. Ya ce yana da mai sayar da finafinai da wasanni a kile, ɗan filashin da ake soka wa ordinata, a bayan rumfarsa. In goge sunan Nasaran nan in sa nawa, shi zai zuba jari, a riƙa sayar wa 'ya'yan masu kuɗin unguwar Ouaga 2000, mu raba riba. Ya ƙara da cewa 'yarsu ba agogon jirgi za ta ci ba, kuma mai neman aure da ya ga ciniki ya kau da kai, ba a ba shi mata.

Na ƙura masa ido ina neman inda zan kama shi, amma fuskar tsohon ɗan kasuwa ba ta karantuwa. In tarko ne na amsa, na rasa ta. In da gaske yake na ƙi, na raina masa hankali, nan ma na rasa ta. Na tuna yadda tun shigowarsa yake shafa ordinatar, na ce a raina in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Sai kuma na tuna zomkom ɗin da bai sha ba, na ce a'a, wannan alƙali ne ya zo. Na yi ta juya abin har kaina ya yi zafi, daga ƙarshe zuciya ta ɗebe ni na daina lissafi.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Nasaran nan ne ya fara, ni na tarar."

"Yana ganin ka ne?"

"Ba ya ganina. Amma amana ya bar wa duk wanda ya taɓa abin, ni kuma na taɓa."

Baffa ya ture kujerarsa baya. Ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya yi wa innata sallama ya hau moto. Innata ta dubi kofin da ke cike, ta dube ni, ta ce bakina ya ja mini. Kwanakin da suka biyo baya ko kallon tablon ban iya yi ba, haushinsa nake ji kamar shi ya yi mini laifi. Waya kuma ta yi shiru, don an hana yarinyar kirana.

Ina shago ina fama da wata waya da ta faɗa ruwa kawuna ya zo da albishir, wai an ce manya su je a sa rana. Ya ce baffan ya ba su labarin kakansa, cewa a hanyar goro duk ayarin da ya tarar da rijiya ta cushe yakan yashe ta ya wuce, kuma ba wanda ya taɓa kafa rumfa a bakinta yana karɓar kuɗin ruwa. Na yi hamdala, na ce ashe jarrabawa ce, har na ji kunyar zargin da na yi wa dattijo.

Da a nan labarin ya tsaya da na huta. Ranar sunan ɗanmu na fari, ana tsakiyar rabon goro, baffa ya ja ni gefe, fuskar nan tasa ba ko murmushi. Ya ce, "Wancan tablon naka, har yanzu ba ka sake shawara ba? Kasuwa dai tana nan." Matata ta ce tsokana ce. Surukata kuwa dariya ta yi, ta ce ita tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya taya kayan da ba ya so ba. Har Allah Ya karɓi ransa ban san gaskiyar abin ba, kuma in na ce na daina zarginsa na yi ƙarya.

Abin da na koya shi ne, in ka rasa gane amsar da mutum yake so daga bakinka, ka daina karatun fuskarsa, ka ba shi wadda ba za ka ji kunyarta gobe ba. Sunan tsohon Nasaran yana nan a saman nawa, kuma yanzu akwai wasu a ƙasan nawa, ba wanda ya goge ni.