Sunan da Mero Ba Ta Faɗa Ba

Duk wanda ya san Raihana ɗiyar Gado ya san ba ta da haƙuri, ita ma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki, can gabas a ƙasar masu Larabci, aka haife ta, gidan manoman auduga da dawa. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato zai tafi hajji, ya iso bakin kogi, ya ga ƙasa mai albarka, ya ce bari ya yi noma ɗaya tukuna. Noman ɗayan nan ne jikoki ke yi har yau.

Ranar da ta fara makaranta ta ce wa ƙawarta "matsa mini," malami ya ji, ya zabga mata bulala a tafin hannu. Wai ta yi ruɗana, wato yaren da ba Larabci ba. Ko hawaye ba ta yi ba, don da taurin kanta aka haife ta. Sai ta zage ta koyi Larabci har ta fi 'ya'yan masu shi, ta zama malama, aka kawo ta makarantar garin da ke maƙwabtaka da su. Dokar kuwa tana nan daram, Hausa a bakin ƙofa ake barin ta. Raihana ta yi ta bin dokar, ranta na tafasa.

Abu ɗaya ta yi ta roƙon shugaban makarantar, Ustaz Abdulwahab: duk sabon malamin da aka turo, a ba ta shi ta zagaya da shi gidajen Hausawa kafin a ba shi aji. Don sabon malamin ya ga da idonsa cewa yaron da ya durƙusa ya sunkuyar da kai ladabi yake yi, ba laifi yake ɓoyewa ba. Ustaz ya ce su karatu suka zo koyarwa, ba yawon gidaje ba. Ta ce to, Allah ya kai mu ranar da za a gani.

Ranar kuwa ta zo. Yaƙi ya koro mutane daga yankin Jazira, suka kafa bukkoki a bayan gari. Cikinsu akwai Mero, mai tsinkar auduga, wadda ba ta san inda mijinta ya faɗa ba. Abin da ta tsira da shi a duniya yarinya ɗaya ce, ita ta riƙo wa hannu ta kawo makaranta.

Sabuwar malama ce ta karɓe su, Ustaza Samira, 'yar birni, mai kirki ƙwarai. Ita ma ɗan yayarta ya ɓace a hanyar gudu, har lokacin ba labari. Ta tambayi Mero daga ina, Mero ta amsa da Larabci tsaf. Ta tambayi shekarun yarinya, ta amsa. Ta ce mene ne sunan yarinyar, sai Mero ta kau da kai. Aka sake tambaya, ta ce, "Waccan ɗin dai." Yarinyar kuma tsoro ya ɗaure mata baki.

Samira ta miƙe. Wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? Ta kira Ustaz, shi kuma nan take ya yanke hukunci: wannan 'yar tsintuwa ce, za a riƙe ta a miƙa wa masu tattara yaran da suka ɓace, matar ta je ta kawo shaida. Shaida a ina, fisabilillahi, ga macen da ta baro gida ba ko tabarma?

Hayaniyar ce ta fito da Raihana daga aji da alli a hannu. Ta tarar Samira ta riƙe yarinyar, Mero na durƙushe hawaye na zuba, Ustaz na cewa, "Idan 'yarki ce, faɗi sunanta yanzu." Kallo ɗaya Raihana ta gane. 'Yar fari ce. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunyarsa take ji har ta mutu. Ga Mero nan ta buɗe baki, za ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna.

Raihana ta yi wuf ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Kul, kada ki faɗa!" Da Hausa ta yi maganar, da ƙarfi, a tsakiyar ofis. "Sun raba ki da gida, sun raba ki da gona. Wagga kam ba mai raba ki da ita."

"Ustaza Raihana, ruɗana a ofishina?" in ji Ustaz.

"A ofishinka, ranka ya daɗe, kuma ban gama ba." Ta juya ga Samira da Larabci. "Ke, kullum tare muke karin kumallo. Sau nawa na ba ki labarin babban ɗana? Mene ne sunansa?"

Samira ta shiga tunani. Ta san yana karatu a Damazin, ta san ba ya cin kuɓewa, ta san ya karya hannu yana ƙarami. Suna kam ba ta taɓa ji ba.

"Ba ki sani ba, don ban taɓa faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. To, ni ma a zo a ƙwace nawa. Abin da na yi ta roƙon a bar ni in nuna muku ke nan, aka ce yawon gidaje ne."

Ustaz ya ce al'ada ba shaida ba ce. Raihana ba ta ko dube shi ba. Ta tsugunna gaban yarinyar, ta sassauta murya.

"Ɗiyata, mi sunanki?"

Yarinyar ta ɗago. Tun safe sai yanzu aka yi mata magana da harshen gidansu.

"Maijidda."

"Waccan fa, wace ce?"

Maijidda ta fizge hannunta daga na Samira, ta ruga ta cusa fuska a mayafin Mero. "Inna ce," ta faɗa cikin kuka.

Samira ta zauna a kan benci ta rufe fuska. Sai ta ce wa Raihana, "Ki kai ni gidajen. Yau ma idan kin yarda." Ustaz ya ce zai kai ƙarar Raihana sama, ta shirya a jefa ta wani ƙauyen can bayan Abu Na'ama. Raihana ta ce ya kai, can ma akwai Hausawa, kuma da bakinta za ta tafi.

Ta kama hannun Maijidda ta shiga da ita aji, ta zaunar da ita a layin gaba. Mero ba ta bi su da kallo ba, ba ta ce a kula mata da ita ba, ai 'yar fari ce. Ta fita ta juya wa ajin baya kamar babu ruwanta. Rana ta take, inuwa ta gudu, amma ba ta ɗaga daga gindin tagar nan ba har aka tashi.