Hannun Hagu na Balkisu

Duk wanda ya taɓa sayen nama a babbar kasuwar Garwa ya san Lukmanu mahauci, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Jikan Kanawa ne, amma a nan aka yanke masa cibi. Da Hausa yake faɗa, da Fillanci yake ciniki, ma'aikatan gwamnati kuwa ya yaɓa musu Faransancin da ya tsinta a bakin mayanka. Mutum ɗaya ke iya rufe masa baki, matarsa Balkisu, wadda in ta fara zuba ko rediyo sai ya saurara.

To, shekarar da aka karya darajar sefa, hawan jini ya kayar da Balkisu a bakin murhu. Ta farfaɗo ɓarin dama a shanye, harshe ya ƙi tashi. Tana ji sarai, amma in ta buɗe baki sai iska. Baƙin ciki ya sa ta juya wa kowa baya, ko nuni da yatsa ta ƙi yi. Gida ya yi tsit. Lukmanu ba ya roƙon Allah komai sai ya sake jin abin da ke ran matar nan.

Shi ke kai ragowar nama gidan namun daji saboda kuraye. Wata safiya ya tarar da Théodore, mai kula da dabbobin, a gaban kejin wata gwaggon biri da aka kawo daga kurmin kudu. Théodore ya ɗaga ayaba ya ƙi miƙawa, sai da birinyar ta haɗa yatsu ta taɓa baki. Ya nuna gorar ruwa, ta kai babban yatsa leɓe.

"Kai! Théodore, magana take yi?"

"Roƙo dai take yi, Malam Lukmanu. Ci, sha, sosa ni. Tun tana ƙarama nake fama da ita."

Ina Lukmanu ya tsaya jin sauran! Ya haye babur, ya manta daron nama a wurin, ya faɗo gida yana haki.

"Maman Fati, an dace! Biri ma ya yi magana da hannu, balle ke!"

Ka ji wauta. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko kofin kunu ya riƙe nesa da ita, wai sai ta kai yatsa leɓe zai ba ta. Balkisu ta yi masa wani irin kallo. Hannun hagu ya ɗaga a hankali, ya lalubo mafici, ya sauke masa a ka. Ta nuna shi, ta sosa hammata, ta nuna ƙofa. Ba sai an kira tafinta ba: shi ne birin, ya fita.

Ya fita kuwa, ga kunya ga murna, har yana tuntuɓe.

Daga ranar hannun nan bai sake kwanciya ba. Alamomin Théodore ta watsar, ta ƙirƙiro nata. Kowa a unguwa ya sami suna: maƙwabciya Odette kumburarrun kumatu, mai unguwa shafa tumbi. In za ta ce jiya, ta jefa hannu bayan kafaɗa, in gobe ce ta tura shi gaba. Har gulma ta dawo. Lukmanu ya riƙa tare Théodore yana tsiya: "Birinyarka ta san jiya? Ta iya tsegumi? Tawa ta iya!" Théodore ya ce tasa dai har yau ayaba take nema.

Wata azahar ya kawo wa Balkisu tuwo. Ba ta dubi kwanon ba. Ta kama tsintsiyar hannunsa, ta ga yadda agogo ke yawo a kan ƙashi. Ta nuna shi, ta taɓa baki, ta juya tafin hannu sama: kai fa, ka ci?

"Na ci a kasuwa," in ji shi.

Ta girgiza masa yatsa a gaban hanci. Ƙarya kake.

Lukmanu ya zauna daɓas a tabarma. Tun da ta kwanta, sai yau wani ya lura ba ya cin abinci. Ya jawo kwanon tsakaninsu ya sa hannu, hawaye na ɗiga cikin miya, yana cewa, "Gaskiyarki, Maman Fati. Ƙara faɗa."