Minti Uku a Firij

Injiniya ake ce wa yayana, alhali bai taɓa ɗaure noti ɗaya a jikin jirgi ba. Saura mako biyu ya tafi makarantar gyaran jirgin sama Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Mu ƙanne muka ce, "Yaya, ɗan riƙe mana shi wata shida." Shekara sha tara ke nan. Kunya kuwa ba ta kashe mu ba, ga mu nan har da ƙiba.

Ɗakin ba wani abu: gado, kujerar roba, firij ɗin magani, taga mai raga. Duk bayan awa biyu sai ya juya Baba, kada bayansa ya yi gyambo. A tsakani yake ƙera jiragensa, jiki tsinken ashana, fukafukai ɓawon albasa. Injin kuwa ƙuda! Sai ya kama huɗu a kwalba, ya sa a firij minti uku cif, su sandare. Ya manna ƙafafunsu a jikin jirgin da ruwan sukari mai kauri, ba ya sa gam, wai in sun gaji su lashe su yi gaba. Ya hura musu iskar bakinsa, sai ka ji zuuu, jirgi ya zaga fanka ya je ya daki raga. Baba na bin sa da ido.

Ni dai faɗa nake yi. "Wannan ƙazanta har ina? Ƙuda kusa da maganin Baba!"

Bana mijina ya samo masa aiki a garejin gyaran injuna. Na shigo da akwatina da safe, Yaya yana rufe firij.

"Na zo karɓar ka, Yaya. Ƙarfe goma suke jiran ka."

Ya sa riga, ya sa takalmi. Ya nuna mini inda kowane matashin kai yake shiga a jikin Baba, sau uku, har na ƙule. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana kallon titi, ya daɗe. Sai ya dawo da sauri.

"Na manta da su."

Ya fito da kwalbar, ya juye su a tafin hannu, ya hura. Shiru. Ya sake hurawa.

"Haba Yaya, don Allah tafi! Ƙuda ne fa!"

"In suka wuce lokacinsu a ciki, ba sa tashi," in ji shi.

Ya cire takalminsa, ya dubi agogo. "Kama ƙafafun Baba, lokacin juyi ya yi."

Na kama, ina kuka.