Likkafanin Baba

Shekarun baya can, gab da samun 'yancin kai, mahaifina yana fataucin hatsi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Sai ya fara rama kamar kazar mayu, ga ƙishirwa, buta ba ta rabuwa da hannunsa. Mahaifiyata ce ta lura kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Aka sa shi a mota zuwa Katsina, ya dawo da sunan cutar: ciwon suga.

A lokacin, mutanenmu sun ɗauka mai wannan ciwo ba ya ganin kaka mai zuwa. Baba bai yi gardama ba. Ya shiga kasuwa ya yanko farin yadi, ya miƙa wa Inna.

"Aje mani wannan cikin adaka. Kada ranar ta zo a riƙa 'yan dabaru."

"Na aje, Malam," in ji ta. "Amma daga yau abin da na ba ka shi za ka ci."

Shi ke nan rake, alewa da zuma suka bar ɗakinsa. Aka rage masa fura da tuwo, aka koma kwaɗon zogale da tafasa da wake. Gonarsa ta Makera ma sai da ƙafa, ta hana shi hawa jaki. Ni kuwa da rana in yi kukan Baba zai mutu, da yamma in lashe rabonsa na alewa. Yaro man kaza.

Kaka ta zo, Baba na nan. Maƙwabcinmu mahauci, ƙato, wanda kullum yake zuwa yi masa sannu, shi ya faɗi rana tsaka ya rasu. Ba a sami yadi kusa ba, Baba ya ce a ɗauko nasa. Ya sayi wani, shi ma aka rufe ladanin unguwa da shi. Tun daga nan in aka yi rasuwa, gidanmu ake fara aikowa. Abokansa har tsokanarsa suke: "Malam, kai dai rakiya ka iya, ba ka tahiya."

Haka ya aurar da ni, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, kullum yana mitar kwaɗo.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Inna, ba ta tashi ba. Baba da kansa ya buɗe adakar. Yadin bai isa ba, don na mace ya fi na namiji yawa, sai da aka ƙaro.

Yau ni ma ina ɗauke da ciwon, na kuma tsufa da shi. In aka tambaye ni shekara nawa mai suga ke yi, sai in ce kwana na Allah ne, amma a bi dokar likita, a sami mai kula da akushi. Har gobe ina kewar gidan nan, kuma ina jin muryar Baba bayan an dawo daga maƙabarta, aka kawo masa tuwo cike da kwano. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yanzu wa za ya hana ni?"