Sallama Duk Bayan Kwana Uku

Duk wanda ya taɓa fitar da mota daga tashar jirgin ruwan Kwatano ta hannun mutanen Zongo ya san Abdulƙahar ɗan Alhaji Laouali, kuma da wuya ka samu wanda zai ce yana marmarin sake ganinsa. Dogo ne siriri mai tabarau, fuskar nan kullum a murtuke kamar an aiko masa da mugun labari. Aiki kam ya iya, ba a yi masa ƙarya ba. Takardar da za ta yi wata guda a duwan, wato kwastan, a hannunsa kwana huɗu take yi. Amma kafin ka karɓi motarka sai ka sha baƙar magana ta ishe ka.

Mahaifinsa ne ya buɗe biron, wato ofishin fitar da motocin, a shekarun da suka biyo bayan babban taron ƙasa da ya kawo dimokuraɗiyya, lokacin da tsoffin motocin Turai suka fara sauka kamar ruwan sama. Ya tura Abdulƙahar makarantar koyon kwamfuta, ƙaninsa Zaharadeen kuwa ya riƙe shi a gefensa yana koya masa zirga-zirgar tasha da filayen ajiye motoci. Da Alhaji ya rasu sai ya bar musu lasisi guda da sunansu su biyu. Babban yana biro da takardu, ƙaramin yana waje cikin rana da ƙura, babu mai iya aiki in babu ɗaya.

Rasuwar mahaifiyarsu, Hajiya Halimatu Sa'adiya, ita ta raba su. Ranar Abdulƙahar yana Malanville, can bakin iyakar Nijar. Da labari ya same shi da asuba ya kira ƙaninsa ya ce, "Ku jira ni zuwa magariba, ga ni nan tafe." Zaharadeen ya ce to. Amma zafi ake yi, dattawa suka matsa, aka kai ta makwanci bayan azahar. Abdulƙahar ya iso ya tarar da tabarmi da 'yan zaman makoki. Ya dubi ƙaninsa a gaban jama'a ya ce, "Ka binne uwata ba ka jira ni ba." Daga wannan ranar bai ƙara ce masa uffan ba. Zaharadeen ya ba da haƙuri sau ɗaya, sau biyu, a na ukun shi ma zuciya ta ɗebe shi, ya kwashe matarsa Ruwaida ya bar gidan gado ya kama haya a unguwar Houéyiho.

To, gaba dai gaba ce, amma motoci ba su daina sauka ba. Wata uku suna aika saƙo ta bakin mutane, ana ɓata lambobi, ana kai motar wani ga wani. Sai Abdulƙahar ya tuna da karatunsa. Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta mara allo, ya ajiye ta ƙarƙashin teburinsa, ya mayar da ita sarba, wato rumbun da ke riƙe da jerin ayyukan biron. Abin da ya rubuta a kwamfutarsa sai ya shiga sarba, daga nan wayar Zaharadeen ta ɗauka. Abin da Zaharadeen ya gama sai ya danna masa alama a waya, alamar ta biyo ta sarba ta fito a allon biro. Da aka ce masa ai akwai kamfanonin da ke yin wannan kyauta, sai ya harari mai maganar ya ce shi sirrinsa ba zai kwana a gidan wani ba, a ƙarƙashin ƙafarsa zai kwana.

Kada ka ɗauka zagi ya ƙare don baki ya rufe. Cikin jerin ayyukan ya koma. Abdulƙahar zai rubuta, "Motar Kassoum, a fitar yau, in mai fitarwar ya tashi daga barci." Zaharadeen zai danna alama ya ƙara a ƙasa, "An fitar tun jiya. Mai tabarau ya goge tabaransa." Haka suke yi, kowa yana cika yana batsewa, aiki kuma yana tafiya sumul. Abokan ciniki har yaba haɗin kansu suke yi, abin dariya abin takaici.

Limamin unguwa ne ya kira Abdulƙahar bayan wata sallar Juma'a ya tuna masa cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ko sallama ce ya yi masa. Abdulƙahar ya ce ya ji. Ya koma biro ya zauna, ya buɗe sabon aiki ya rubuta, "Assalamu alaikum," ya saita shi ya riƙa dawowa da kansa duk bayan kwana uku. Ba a yi awa guda ba alama ta fito a gefensa, Zaharadeen ya danna. Da Liman ya ji yadda aka yi, girgiza kai kawai ya yi ya ce Allah ya shirya.

Shekara shida ke nan sallamar tana fitowa ana danna mata alama. Abdulƙahar yakan ce dabara ce kawai ya yi don ya fita haƙƙi. Ƙarya yake yi. Duk ranar da sallamar ta fito ba ya iya karya kumallo sai ya ga alamar. In ta yi jinkiri zai ta leƙa allo, ya duba wayar sarba, ya zagi kamfanin wuta. Wannan 'yar alamar ita kaɗai ta rage tsakaninsa da wanda suka sha nono ɗaya, kuma ya sani sarai.

Wata ranar Alhamis da yamma Mounkaïla mai shayin ƙofar biro ya miƙo masa kofi yana washe baki ya ce, "Barka, Alhaji ƙarami! Ashe Ruwaida ta sauka. Mace aka samu, bayan shekara goma sha ɗaya ana jira."

Abdulƙahar ya karɓi kofin. Ya shiga ciki ya duba allo, bai ga komai ba sai cewa Zaharadeen ya ɗage duk ayyukansa zuwa mako mai zuwa. Ransa ya ɓaci iya ɓaci. A ce an yi haihuwa a gidan Alhaji Laouali, shi babban ɗa sai a bakin mai shayi zai ji? Ya san halin ƙaninsa, ya san in zai gaya masa ta cikin jerin ayyuka zai gaya masa, kamar wata takardar duwan. Shi kuwa wannan karon ba zai karɓa ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wutar sarba, 'yar fankar da ta shekara shida tana gurnani ta yi tsit.

"In yana da magana ya tako da ƙafarsa, da goronsa a hannu," ya faɗa, shi kaɗai a ɗakin.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, waya ba ta yin ihu in sarba ta mutu. Abin da ka rubuta tana nuna maka shi a jere kamar ya tafi, sai dai wani ɗan ɗigo ja a lungun allo. Zaharadeen kuwa bai taɓa sanin amfanin ɗigon nan ba, don wanda zai koya masa ba ya yi masa magana.

Mako guda Abdulƙahar yana zaune yana fuskantar ƙofa. Duk zem ɗin da ya tsaya, wato ɗan acaɓan Kwatano mai rawayar riga, sai ya ɗaga kai. Babu Zaharadeen, babu goro. Sallama ta fito a allonsa ranar Asabar, ta sake fitowa ranar Talata, ba alama, ya san dalili amma duk da haka abin ya ci masa rai. Ranar Alhamis ta suna ya yi sammako ya kashe wayarsa, ya shiga mota ya tafi Porto-Novo ba tare da wani aiki ba. So yake jama'a su duba su ga babu shi, su tambayi Zaharadeen dalili. Ya wuni a can yana yawo, ya ci abinci bai ji daɗinsa ba, ya dawo bayan la'asar yana jin ya rama.

Washegari Juma'a da hantsi Gwaggo Tabawa ta faɗo biron ko sallama babu. Ƙanwar mahaifinsu ce, tsohuwa mai sayar da atamfa a unguwar Tokpa-Hoho, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta tsoron bakinsa.

"Kai dai Abdulƙahar an yi mugun iri," ta ce tana haki. "Ka kunyata mu, ka huta?"

"Gwaggo, wanda ba a gayyata ba ai ba ya zuwa suna."

"Ba a gayyace ka ba? Ni da idona ya nuna mini gayyatar a fortabul ɗinsa, wayar nan tasa! Na ce masa, kai Zaharadeen, je ka da ƙafarka. Ya ce a'a, Yaya ba ya son ganin fuskata, amma abin da na rubuta ba ya minti biyar bai karanta ba. Liman ya zauna, maroƙi ya zauna, waina ta huce, mutane suna ta duba agogo. Yaron nan ya hana a yanka rago, wai sai ka zo."

Abdulƙahar ya dubi ƙarƙashin tebur. Ya sunkuya a hankali ya mayar da wayar wutar. Fanka ta tashi. A allon akwai sallamar yau tana jiran alama. Suka zuba ido, shi a zaune, Gwaggo a tsaye ta riƙe ƙugu. Bayan kamar minti goma wayar Zaharadeen ta samu sarba, abin da ya taru mako guda ya fara zubowa.

Sallamar Asabar ta samu alama. Ta Talata ma ta samu. Sai ga sabon aiki, an rubuta shi tun waccan Juma'ar: "Yaya, Allah ya ba mu 'ya mace. Suna ranar Alhamis da safe. Sunan Hajiya za a mayar. Kai ne babba, kai za ka raɗa wa Liman." A ƙasa, da kwanan watan jiya, ƙarfe bakwai: "Yaya muna jiranka." Ƙarfe tara: "An je biro a rufe, wayarka a kashe. Muna jira." Ƙarfe ɗaya da rabi: "Waccan ranar ban jira ka ba, na yi kuskure. Yau na jira ka har azahar a gaban mutane. An raɗa."

Yana cikin karantawa sai allon ya ɗan motsa, sallamar yau ta ɓace. Ba alama aka danna mata ba, goge ta aka yi, da ta yau da duk masu zuwa. Gogewar ma tun jiya aka yi ta, yanzu ta iso.

Nan take ya sake rubuta, "Assalamu alaikum," ya aika. Yanzu hanya a buɗe take, ya san ta isa. Minti biyu ta yi a allon ta ɓace. Ya sake rubutawa, har da ƙarin "Zaharadeen, sarba ce na kashe." Wannan ko minti guda ba ta yi ba.

"To, ga shi nan kun yi hira," in ji Gwaggo.

Abdulƙahar ya cire tabaransa ya goge, ya mayar. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa wanda zai zaga, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Gwaggo, wane layi ne gidan nasa?"

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara shida, ba ka san ƙofar ɗan'uwanka ba? Tambayi akwatin naka." Ta gyara mayafinta ta fice.

Ya kulle biro ya tsaya bakin titi cikin rana. Mounkaïla ya gaishe shi bai ji ba. Ya ɗaga wa wani zem hannu, ya hau baya ya ce, "Houéyiho."

Mai babur ya tayar, ya waiwayo ya ce, "Houéyiho wajen ina, patron?"

Abdulƙahar ya gyara hularsa. Can ya ce, "Mu je dai. Gidan da aka yi suna jiya. Zan tambaya."